Dorugu, Yaron Da Aka Sayar

Mu da mu ke buɗe Littafi Mai Tsarki da Hausa kowace safiya, kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tambaya daga bakin wane ne wannan aiki ya fara samun Hausarsa. In an tambayi dattawanmu za su ambaci Likita Miller na Wusasa da abokan aikinsa, waɗanda aka buga dukan Littafin ta hannunsu a shekarar 1932. Gaskiya ne, sun cancanci yabo. Amma shekara saba'in da biyar kafin wannan, akwai wani saurayi Bahaushe zaune a ɗakin wani fasto a ƙasar Ingila, ana karanta masa aya, shi kuwa yana faɗin yadda mutanen garinsu za su faɗe ta. Sunansa Dorugu. Hanyar da ta kai shi can hanyar bauta ce, gama tun yana yaro aka kama shi, aka sayar da shi kamar akuya. Labarinsa za mu ba ku a wannan wata, domin cinikin da ya raba shi da gida bai mutu ba, riga kawai ya sāke.

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a wani ƙauye da a ke kira Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram wadda ta ke cikin Jamhuriyar Nijar a yau. Ubansa manomi ne, makaɗi kuma. Rayuwar gidansu irin tamu ce ta nan: shuka da damina, noma, korar tsuntsaye, girbi, sa'an nan zaman rani. Duk ɗan ƙasar Malumfashi ko Bakori da ya taɓa bin ubansa gona da 'yar fartanya ya san yadda ƙuruciyar Dorugu ta kasance.

A zamanin nan Sarkin Damagaram yana ƙarƙashin Shehun Barno, yana kai masa gaisuwa, bayi kuwa suna cikin gaisuwar. Ban da haka sarakuna su kan ci bashi wurin fataken Larabawa, su karɓi tufafi da makamai, su biya da mutane. In bashi ya matsa, ba lalle sai an je ƙasar abokan gāba ba, talakawan da ke kusa ma sun isa. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Richardson, wanda ya ƙi jinin cinikin bayi, ya sauka a Zinder a farkon shekarar 1851, ya ga da idonsa yadda rundunar sarki ta fita, ta komo tana kore da mata da yara daga garuruwan ƙasar. Cikin irin wannan hari aka watsa gidan su Dorugu. Aka raba shi da uwarsa, da ɗan'uwansa, da ubansa. Shekarunsa ba su fi goma sha ɗaya ko sha biyu ba. Aka kai shi Zinder, daga nan ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har ya iske kansa a Kukawa, babban birnin Barno, inda ba ya jin harshen mutane.

Bari mu dakata a kasuwar Kukawa kaɗan, gama akwai waɗanda labarin Dorugu ya kan sa a manta da su. A kasuwar bayi a kan auna tsawon yaro da taƙi, a duba haƙoransa, a sa shi ya yi tafiya a gani. Tsoho ba shi da kuɗi. Ƙaƙƙarfan namiji ma ba a cika sonsa ba, domin ya iya gudu. Wadda ta fi kowa tsada ita ce budurwa. Kowa kuma ya san dalili, ba noma a ke saye ta ta yi ba. Waɗansu a kan kai su gidajen manya su zama kuyangi ko ƙwaraƙwarai, waɗansu a kora su da ƙafa su ƙetare Sahara zuwa Murzuk da Tarabulus. Ba a tambayar yardarsu a kan kome, har a kan jikinsu. A ƙarshen shekarar 1851 rundunar Barno ta tafi hari ƙasar Musgu, kudu da Tabkin Cadi. Turawa biyu da za mu ambata yanzu suna cikin tafiyar, ɗayansu kuwa ya rubuta cewa bayin da aka komo da su sun kai wajen 3,000, yawancinsu mata ne da ƙananan yara, manyan maza kuwa da dama an karkashe su a wurin. Shi ne kuma ya ƙiyasta cewa bayin da a ke fitarwa daga Kano kowace shekara sun kai wajen 5,000. A cikin dubban 'yan matan nan babu wadda ta samu mai rubuta labarinta. Dorugu ya samu. Saboda haka in muna karanta nasa, sai mu riƙa tunawa shi ɗaya ne ya ke magana a madadin taro mai yawa.

Turawan nan biyu Jamusawa ne da gwamnatin Ingila ta aiko tare da Richardson su ga ƙasashenmu. Ɗaya shi ne Barth, wanda ya ɗauki sunan Abdulkarim, ɗaya kuma Overweg, wanda mutane su ke kira Tabib. Ubangidan Dorugu na lokacin, wani Balarabe, ya ba da shi haya ga Tabib domin ya riƙa kiwon raƙuma. Tabib ya ga hankalin yaron, sai ya biya kuɗinsa ya 'yanta shi, shi da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kama Tabib, ya mutu a bakin Tabkin Cadi cikin watan Satumba 1852. Richardson ya riga ya mutu tun bara. Sai Abdulkarim ya ɗauki yaran biyu cikin barorinsa.

Mu lura da irin 'yancin nan. An ba yaro takardar 'yanci, amma ina za shi da ita? Gida ya watse. In ya kama hanya shi kaɗai, kafin ya yi zango biyu wani ya sāke kama shi ya sayar. 'Yantaccen bawa wanda ba shi da dangi a kusa ba shi da wata mafaka sai gindin wanda ya 'yanta shi. Har yau haka abin ya ke. Yarinyar da aka ƙwato daga hannun masu fataucin mutane, in ba ta da gidan da zai karɓe ta ba tare da gori ba, sau da yawa ta kan koma inda aka fito da ita.

Cikin watan Nuwamba 1852 suka tashi daga Kukawa suka nufi yamma. Suka bi ta Zinder, ƙasar haihuwar Dorugu, amma bai tsaya ba, ya wuce tare da ubangidansa. Suka shiga birnin Katsina a watan Fabrairu 1853, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello, suka yi fiye da wata guda. Da suka tashi zuwa Sakkwato ba su iya miƙewa yamma sosai ba saboda tsoron mayaƙan Gobir da Maraɗi, sai suka karkato kudu ta Kuraye da Kurfi, kāna suka nufi Zurmi. Ashe ƙafar yaron nan ta taka ƙasarmu ta Katsina.

Kakanninmu na kudancin Katsina sun san irin tsoron da ya sa ayarin nan ya kauce hanya. Kufan ganuwa da mu ke gani kewaye da tsofaffin garuruwa irin su Maska, ba don ado aka gina su ba. Manomi ya kan tafi gona da baka da kwari, mata ba sa nisa da ƙofar gari wajen neman itace. A ƙarshen ƙarnin nan Ibrahim Sarkin Sudan na Kwantagora, ɗan Umaru Nagwamatse, ya addabi ƙasashen da ke kudu da yamma da mu, har Turawa suka kore shi daga garinsa a 1901, suka kama shi a ƙasar Zazzau a 1902. Wata tsohuwa, Baba ta Karo, wadda ta ba wata Baturiya labarin rayuwarta a Giwa, nan kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, a shekarun 1949 da 1950, ta faɗi yadda mahara suka kwashe matan gidansu, da yadda dangi suka yi ta haɗa kuɗin fansa. Wanda ya ji yadda aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, ko ya ga maƙwabcinsa ya sayar da gona da shanun huɗa don ya fanso matarsa daga daji, ba ya bukatar a fassara masa maganar tsohuwar nan.

Daga Sakkwato suka wuce Gwandu, suka haye Kwara a Sayi, suka isa Tambutu cikin Satumba 1853. Suka yi watanni a can cikin hatsari, Shehu Bakkayi ne ya tsare ran Abdulkarim. Sa'an nan suka komo ta Sakkwato da Kano, suka shiga Kukawa a ƙarshen 1854. Ba za mu tsaya a kan wannan ba, ko da ya ke yaron da bai kai shekara goma sha biyar ba ya ga ƙasa fiye da yawancin fataken zamaninsa.

A shekarar 1855 suka kama hanyar Sahara ta Bilma da Murzuk. Wannan ita ce babbar hanyar bayi. Matafiyan da suka bi ta a ƙarnin nan sun ba da labari iri ɗaya, cewa kewaye da rijiyoyin hanya ƙasusuwan mutane ne barbaje, na waɗanda suka jawo jiki har bakin ruwa suka kāsa. Da a ce wani Balarabe dabam ne ya sayi Dorugu a Kukawa, da ta nan zai bi da igiya a wuya. Ya bi ta yana ɗa, ya isa Tarabulus cikin watan Agusta.

'Yan'uwa, hanyar Saharan nan ba ta rufe ba. Mota ce kawai ta karɓi aikin raƙumi. Cikin watan Oktoba 2013 aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu mata ne da yara, da yawa kuwa daga ƙasar Kance suka fito, wato ƙasar su Dorugu. Ta Agadas kuma an yi ta wucewa da 'yan matan Nijeriya zuwa Libiya, waɗansu har Italiya. A kan ce musu aikin gida ko na shago ke jiransu. In an isa sai a karɓe takardunsu, a ɗora musu bashin kuɗin hanya wanda ba ya biyuwa, a tilasta su karuwanci su biya. A Nijar ma wata mace, Hadijatu Mani, an sayar da ita tana da shekara goma sha biyu a 1996 wajen ƙasar Birnin Ƙonni, ta zama abin da su ke kira wahaya, wato mace ta biyar wadda ba a ɗaura mata aure ba. Sai a 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukunci cewa bauta aka sa ta, gwamnatin ƙasarta kuma ta kāsa tsare ta.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. A ƙauyukanmu ba da mashi a ke zuwa ba yanzu, da fara'a a ke zuwa. Bayan girbi, sa'ad da aka sayar da masara da auduga kuɗin kuma ya ƙare, sai wata mace mai kyawawan tufafi ta sauka, sau da yawa 'yar gari ce ko dangi na nesa. Ta ce akwai gidan kirki a Kano ko Abuja ko Legas da ke neman yarinya mai hankali, za a sa ta makaranta, za a riƙa aiko da kuɗi kowane wata. Ta ajiye wa uwa turmin atamfa, ta ba uba abin goro. Waɗansu yaran lalle aikin gida su ke yi, ko da ya ke ladan a hannun dillaliyar ya ke tsayawa. Waɗansu kuwa sai labari ya yanke. Mun taɓa zama da iyayen da ba su iya faɗin ko sunan unguwar da 'yarsu ta ke ba, ba su da kome sai lambar waya wadda ta daina shiga. Uban Dorugu ƙwace masa ɗa aka yi da ƙarfi. Mu kuwa da hannunmu mu kan miƙa, wannan shi ne abin da ya fi ba mu kunya. Tun 2003 gwamnatin Nijeriya ta kafa hukumar NAPTIP domin yaƙi da fataucin mutane, aka kuma ƙarfafa dokarta a 2015, amma hukuma ba ta zaune a zauren da a ke yin alkawarin.

Mu koma ga yaronmu. Daga Tarabulus suka shiga jirgin ruwa zuwa Faransa, suka bi ta Faris, suka isa Landan cikin Satumba 1855. Abdulkarim ya tafi da su Jamus, suka ga danginsa a Hambug. Niyyarsa ita ce ya mai da su gida, ya kuwa shirya musu jirgi. Amma akwai wani fasto mai suna Schön wanda ya ji labarinsu. Shi Bajamushe ne, ya yi aikin bishara a Saliyo ƙarƙashin mishan ta C.M.S., ya kuma hau Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, wanda shi ma 'yantaccen bawa ne. Schön bai taɓa sa ƙafa a ƙasar Hausa ba. Ɗan abin da ya sani na harshen daga bakin Hausawa 'yantattun bayi na Saliyo ya koya, ya buga ƙaramin littafin kalmomi a 1843, sa'an nan rashin lafiya ya mai da shi Ingila, inda ya zama faston wani asibiti a Chatham. Da ya ji ga Bahaushe na ainihi ya zo, sai ya rinjayi yaran su zauna wurinsa a 1856. Abdulkarim ya ji haushi ƙwarai, har manyan biyu suka ɓata. A ganinmu kowannensu yana da hujja, sai dai duka biyu sun fi duban aikinsu bisa ga abin da yaran su ke so.

Aka yi musu baftisma, aka sa wa ɗaya James Henry Dorugu, ɗaya kuma Frederick Buxton Abbega. Abbega ya komo Afirka a 1857, daga baya har ya zama sarkin Lokoja. Dorugu ya zauna gidan Schön wajen shekara takwas. Ya koyi Turanci, ya koyi karatu da rubutu. Kowace rana su kan zauna, faston yana tambaya, saurayin yana amsawa, ana rubutawa. Tsakanin 1857 da 1859 aka buga Bishara ta hannun Matta, da ta Luka, da Farawa, da Fitowa da Hausa. Littafin nahawu ya fito a 1862, ƙamus a 1876, Sabon Alkawari duka a 1880. Mu kan yi tunanin ranar da suka iso labarin Yusufu cikin Farawa, inda 'yan'uwa suka sayar da ƙanensu ga ayarin fatake. Faston yana neman kalmomi, wanda ke zaune gabansa kuwa abin ya faru a kansa.

Hausar littattafan nan ba ta da santsi a kunnenmu na yau. Rubutun ya bambanta da namu, akwai kurakurai, akwai kuma karin harshen Damagaram na yaron da ya bar gida tun bai gama girma ba. Waɗanda suka zo daga baya sun sāke aikin daga tushe. Duk da haka su ne farko. Ban da fassara, Dorugu ya ba da tatsuniyoyi, ya kuma ba da labarin ransa tun daga Dambanas har Landan, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. A ciki ya bayyana yadda Turawa su ke cin abinci da yadda matansu su ke ado, da idon baƙo mai lura, kamar dai yadda su Turawan su kan bayyana mu. Schön ya sami lambar girma a Faransa, jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa saboda aikin Hausa. Bai ɓoye taimakon Dorugu ba, ya ambace shi. Amma sunan da ke bayan littattafan na faston ne, mu kuwa da muka ci amfanin aikin mun fi kowa saurin mantawa da saurayin.

Dorugu ya komo Afirka a 1864, yana da shekara wajen ashirin da huɗu. Ya yi shekaru masu yawa yana aikin tafinta ga Turawa a ƙasashen bakin Kwara. Yana da rai sa'ad da Gwamna Lugga ya yi shelar 1901 wadda ta hana saye da sayar da mutane, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne. Yana da rai aka buɗe gidan 'yantattun yara a Zungeru, aka kuma mai da yaran hannun mishan ta S.U.M. a Rumaisha a 1909. Amma bai ga ƙarshen abin ba, gama sai a 1936 doka ta kashe bauta ɗungum a Nijeriya ta Arewa, a ɓoye kuwa an ci gaba da satar yara ana ƙetarewa da su.

Da ya tsufa ya sami wurin zama a Kano. Wani Bature, Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta fari ta gwamnati a Nasarawa a 1909. Shi ma ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ta hanyar nan da Dorugu ya bi, cikin ayarinsa kuwa har da 'yantattun bayi masu komawa gida. Ya ɗauki tsohon cikin malaman makarantar, yana koya wa 'ya'yan sarakuna da malamai karatun Hausa da baƙaƙen boko, irin waɗanda shi ya fara gani a ɗakin Schön shekara hamsin da suka wuce. Waɗansu cikin almajiransa jikokin masu bayi ne.

Ya mutu a Nasarawa ta Kano a shekarar 1912, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Da aka buɗe ɗakinsa aka iske tarin tabarau da kayan Turawa waɗanda ya yi shekaru yana adanawa. A 1971 waɗansu masana biyu, Kirk-Greene da Newman, suka juya labarin ransa zuwa Turanci suka buga. Gidan Ɗan Hausa, inda makarantar ta fara, yana nan tsaye a Kano har yau.